Lambun Bappayo na Bakin Kududdufi

Bappayo haifaffen tsohon garin Katagum ne, can bakin kogi. Mahaifinsa manomin rani ne mai jigo da fangalan albasa da alkama, shi ya sa tun Bappayo bai iya ɗaura wando ba ya san yadda ake kora ruwa daga wannan fangali zuwa wancan da tafin ƙafa. Da sarauta ta tashi ta koma Azare, masu sayen albasa suka bi ta, gari ya fara zubewa. Uban ya ƙi tashi har ya rasu a ɗakinsa. Bappayo ya gaji garkar, wato lambun ranin uban, ya rasa wanda zai sayar wa abin da ke cikinta, don haka da kaka ta wuce ya bi ayarin fatake zuwa Kano cirani.

A Kano da ga-ruwa ya fara, garwa biyu a sanda, yana zagaya unguwannin bayan ganuwa. Wani heluma, shugaban leburori, ya ga yadda yake tafiya da ruwa ba ya zubar da ko ɗigo, ya ɗauke shi lebura a wani lambu da ke wajen gidajen Turawa. Bappayo ya taso cikin shuka, amma bai taɓa ganin irin wannan ba. Ciyawa an aske ta kamar kan ango. Furanni ja da rawaya waɗanda ba a miya da su, ba a magani. Hanyoyi an zuba musu tsakuwa, mangwaro a jere, ga bencina masu koren fenti a ƙarƙashinsu. Ya tambayi wani abokin aikinsa me ake girbewa a nan. Aka yi masa dariya, aka ce ba a girbe komai, zama kawai ake yi a sha iska.

Maganar ta zauna masa a rai. Ashe mutum yana iya shuka don zama kawai. Da la'asar Turawa kan fito da matansu da karnukansu su ɗan zagaya su koma. Sauran yinin kuwa ba kowa sai tsuntsaye da leburori. A bayan wayar da ta kewaye lambun akwai hanyar da mutanen ƙauye ke bi da itace da ciyawa a ka, rana na dukansu, wani lokaci har sukan raɓe jikin wayar don su sami ɗan ragowar inuwar da ta tsallako.

Wata rana da azahar, ya gama ban ruwa, ƙafarsa na zafi, ya duba ba kowa, ya zauna a kan benci. Bai gama miƙe ƙafa ba ya ji saukar dorina a gadon bayansa.

"Kai ɗan ƙauye, gidan ubanka ne?" in ji heluma.

"Ranka ya daɗe, ai ba kowa a kai."

"Ko shekara zai yi ba kowa, ba don irinka aka kafa shi ba. Tashi!"

Bappayo ya tashi. Ya ci gaba da aikinsa har damina ta matso, amma daga ranar kullum sai ya bi jujin bayan gidajen yana tsintar ƙwallon mangwaro, ya shanya, ya zuba a burgamensa. Da 'yan cirani suka ɗaura kayan komawa gida, wasu da turamen atamfa, wasu da fitilar kwano, shi abin da ya fi nauyi a kayansa ƙwallayen nan ne.

Bai koma Katagum ba, Azare ya sauka, don nan mutane suke. Ya kama ɗaki a gidan wani Babarbare mai fataucin kanwa da ake kira Zarami, suka shaƙu kamar 'yan ciki ɗaya. Zarami ne ya shige masa gaba ya auri Yelwa, ɗiyar wani maƙwabcinsu, kuma shi ne ya raka shi gun mai unguwa neman fili.

Filin da ya roƙa ba mai sonsa. Bakin wani kududdufi ne kusa da hanyar kasuwa, inda aka ɗebi ƙasar gini aka bar rami, mutane suka mai da gefensa juji. Mai unguwa ya dube shi ya ce, "Me za ka yi da wurin nan, ko kare ba ya kwana a ciki?"

"Itatuwa zan dasa, ranka ya daɗe, mutane su riƙa zama."

"Su zauna su ba ka me?"

"Ba komai."

Mai unguwa ya yi dariya har ya share hawaye, ya ce ya ba shi, shi da 'ya'yansa. Limamin unguwa yana wurin, Zarami yana wurin. Aka raba goro aka shafa fatiha.

Ƙasar Azare ba ta bakin kogi ba ce. Yashi ne mai shanye ruwa kamar an zuba a rariya. Kududdufin kan ƙafe tun kafin bazara ta yi nisa. Dashen farko awaki suka cinye rabi, gara ta ci sauran ta ƙasa. Bappayo ya yi wa kowane dashe ɗan kewaye da ƙayar magarya, ya zuba toka a gindinsa, ya sake shukawa. Shekarar da fara ta sauka ta bar masa sanduna tsirara. Da ya ga ruwa ne maganin abin, ya shiga haƙa rijiya, shi a ciki, Yelwa a baki tana jawo ƙasa da igiya. Da safe ya yi ga-ruwa a cikin gari don abin sawa a baki, da yamma ya ɗauko wa itatuwansa. Kafaɗarsa ta yi kanta har ba ta jin sanda.

Yelwa ba mai yawan magana ba ce, amma ran da tukunya ba ta hau murhu ba sai ta faɗa. "Malam, mazan mutane suna noma gero, kai kana noma inuwa. Inuwa za mu dama wa yarinyar nan?" Lokacin an haifi ɗiyarsu Hadijatu, ita kaɗai ce ta rayu cikin 'ya'yan da suka samu. Washegari Bappayo ya ja 'yan fangalan albasa da yakuwa a bakin rijiya, ya ce wannan na Yelwa ne. Ta karɓa, amma ba ta daina ɗaukar tulu zuwa gindin mangwaro ba, ko da tana mita.

Zarami kuwa duk tafiyar da ya yi sai ya riƙo masa wani abu. Daga Yerwa ya kawo 'ya'yan wata sabuwar bishiya mai ɗacin ganye, darbejiya, ya ce ko akuya ba ta damu da ita ba, kuma ba ta jin fari. Daga wani wurin ya kawo gwaba da lemun tsami. Bappayo da kansa ya saro reshen ceɗiya da durumi ya kafa, ya dasa tsamiya duk da ya san ba lallai ya ga girmanta ba. 'Yan gari suka sa masa suna Mai Ban Ruwan Juji. Ba ya amsawa, ba ya kuma fushi.

A hankali wurin ya rufe. Darbejiya ta riga kowa tashi, mangwaro ya bi baya ya baza rassa, har ya zama wanda ya shiga da tsakar rana sai ya ji kamar an zuba masa ruwa a ƙeya. Bappayo bai yi wa lambun ƙofa ba, bai kewaye shi ba. Ya kwantar da gumaguman giginya a matsayin wurin zama, ya kafa randa biyu da moɗa a bakin hanya, kullum a cike. Dokarsa ba ta da yawa: abin da ya faɗo na mai tsinta ne, ba a jifa, ba a karya reshe, ba a ɗaure jaki a jikin dashe.

Ranar kasuwa wurin kan cika. Mutanen Chinade da Yana da Giade su sauke jakuna su yi alwala kafin su shiga kasuwa, su dawo nan su jira rana ta yi sanyi. Matan Fulani su jera ƙoren nono a gindin durumi. Wanzami ya kama gindin ceɗiya ya mai da shi nasa, masu ɗinkin hula suka kama wani, tsofaffi suka haƙa gurbin dara. Wata tsohuwa Babarbariya, Ya Fanna, tana sayar da kunun tsamiya a bakin randa, kuma ita ce mai tsawata wa duk wanda ya ɗauki dutse. Mai jego da ɗaki ya yi wa zafi takan fito da jaririnta. Wanda aka yi wa baƙo daga nesa, bayan an ci abinci, yakan ce, "Tashi in kai ka lambun Bappayo." Sunan juji ya ɓace kamar ba a taɓa faɗarsa ba.

An sha ba shi shawara ya riƙa karɓar wani abu hannun masu sana'a. Sai ya ce, "In na karɓa na zama mai wuri, su kuma sun zama baƙi. Ba haka na nufa ba." Waɗannan shekarun su ne masu daɗi a rayuwarsa. Bai tara komai ba, riga ɗaya ce ta Juma'a, amma in ya zauna kan gungume da la'asar ya ga wurin ya cika da hira, fuskarsa kan sake.

Daga nan abubuwa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Tsohon mai unguwa ya rasu, ɗansa ya gaje shi. Liman ya bi bayansa. Zarami ya sayar da jakunansa ya kama hanyar Makka a ƙasa, bayan wasu shekaru aka ce an ga kabarinsa a ƙasar Sudan. Hadijatu ta yi aure a Yana. Shekarar sanƙarau kuma Yelwa ta kwanta da ciwon wuya, ba ta tashi ba. Bappayo ya koma kwana a 'yar bukkar da ya yi a bakin rijiya.

Bayan yaƙin duniya na biyu gyaɗa ta yi daraja, motoci suka fara shigowa Azare suna kwasa zuwa Kano. Cikin masu sayenta akwai Alhaji Bubayero, mutum mai fara'a da kyauta, wanda rabin manoman yankin ke kai wa kaya. Yana neman wurin da zai kafa sikeli ya tara buhuna, kusa da kasuwa, mai rijiya, mai inuwar da leburori za su yi aiki. Duk garin wuri ɗaya ne haka.

Da kansa ya zo, ya cire takalmi ya zauna kan gungume kusa da Bappayo, suka gaisa har da tambayar mutanen Yana.

"Bappa, ka tsufa, aikin nan ya yi maka yawa," in ji Alhaji. "Ka sayar mini da wurin nan, in gina maka ɗaki na soro, in kai ka Makka a jirgi."

"Alhaji, na gode, Allah ya ƙara buɗi. Amma wurin nan ba nawa ba ne balle in sayar. Na mutane ne."

Akwai mutane zaune, kowa ya ji. Wasu har suka gyaɗa kai suna sa masa albarka. Alhaji Bubayero ya yi murmushi, ya ajiye masa goro, ya tafi.

Ba a daɗe ba aka aiko kiran Bappayo zauren da ake raba gardamar filaye. Ya tarar da Alhaji a zaune, ga sabon mai unguwa. Sabon mai unguwa ya ce shi abin da ya sani, mahaifinsa aro ya ba da wurin, kuma yanzu ya ba Alhaji. Bappayo ya ce kyauta ce, shi da 'ya'yansa, an shafa fatiha. Aka ce ina shaidu. Ya ambaci liman, aka ce ya rasu. Ya ambaci Zarami, aka ce Allah ya jiƙansa.

Sai wani dattijo cikin masu sauraron ƙarar ya ce, "Malam Bappayo, an ce kai da bakinka ka faɗa a gaban jama'a cewa wurin ba naka ba ne. Ka faɗa ko ba ka faɗa ba?"

"Na faɗa, amma abin da nake nufi…"

"Ka faɗa ke nan."

Bappayo ya waiwaya. Zauren cike yake da fuskokin da ya sani. Ga wanzami, ga masu hula, ga tsofaffin dara, mutanen da suka san wurin tun yana juji, suka ga wanda ya haƙa rijiyar. Ya kira wanzami da sunansa ya ce ya faɗi abin da ya sani. Wanzami ya sunkuyar da kai ya ce shi dai ya zo ya tarar da inuwa ya zauna, bai san asali ba. Sauran kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Wannan ɗansa lebura ne a gun Alhaji, wancan a motar Alhaji yake zuwa Kano, wancan kuma gyaɗarsa na jiran sikeli.

Ya Fanna ce ta kutso daga bakin ƙofa tana dogara sanda. "Ni na sani! Ina garin nan aka ba shi. Ku ji tsoron Allah, duk wanda ke zauren nan ya sha ruwan randarsa!" Aka tambaye ta ko tana wurin ran da aka shafa fatihar. Ta ce ba ta wurin, amma duk unguwa ta ji. Aka ce ta koma ta zauna.

Hukunci bai ɗauki lokaci ba. Ƙasa ta Alhaji ce. Itatuwa kuwa, tun da Bappayo ne ya dasa, in yana so ya kwashe abinsa. Wani a bayan zauren ya yi dariya, ya haɗiye ta da tari.

Aka kewaye lambun da waya mai ƙaya, aka sa ƙyauren langa-langa. Aka mirgine gumaguman giginya gefe, buhuna suka hau wurinsu. Alhaji Bubayero ya sake zuwa da fara'arsa. Ya ce shi ba ya son a ce ya kori tsoho, Bappayo ya zauna a bukkarsa, ya ci gaba da ban ruwa, ya riƙa tsaron ƙofa, za a riƙa ba shi abinci daga gida. Bappayo ya so ya tofa masa yawu. Amma bazara ta kawo jiki, akwai 'yan gwaba da lemun da bai daɗe da dasawa ba, ya san in ya juya baya ba mai ba su ruwa. Ya ce to.

Ranar kasuwar da ta biyo baya, wani tsohon Bafulatani daga Giade, wanda ya shekara da shekaru yana sauka a gindin durumi, ya iso da jakinsa da buhun gero, gumi ya jiƙe masa riga. Ya ga waya, ya ga Bappayo a bakin ƙyaure.

"Jam, Bappayo. Buɗe mini in sha ruwa in huta."

Bappayo ya ɗebo ruwa a moɗa ya miƙa masa ta saman waya. "Ga ruwa. Shiga kuwa an hana."

"Wa ya hana?"

"Mai wuri."

Tsohon ya dube shi tun daga ƙafa har ka. Bai karɓi moɗar ba. "Ashe gaskiya ne abin da ake faɗa. Ka sayar." Ya ja jakinsa ya wuce cikin rana.

A ranar Bappayo ya fara jin maganar, amma ta riga ta zaga gari. An ce ya karɓi abin da ya karɓa a ɓoye, shari'ar ma wasan yara ce aka shirya don a rufe bakin mutane, ga shi nan ai yana cin tuwon gidan Alhaji. Waɗanda suka fi yaɗa ta su ne waɗanda suka yi shiru a zaure, don ta fi musu sauƙin ɗauka. In ya shiga masallaci sai a amsa gaisuwarsa da ka. Ya Fanna ta yi ta faɗa da mutane a kansa har muryarta ta dushe, daga baya ta kwanta ciwo, 'ya'yanta suka mai da ita Borno.

Ya jure har kakar gyaɗa ta gaba. A lokacin aka sami manyan motoci da ba sa iya juyawa a cikin lambun. Wata safiya masu gatari suka zo da umarnin a sare layin mangwaron da ke tsakiya. Babbansu yaron unguwa ne da ya girma yana tsintar 'ya'yan itatuwan nan. Ya zo ya durƙusa ya ce, "Bappa, ka yi haƙuri, aiko mu aka yi. Ta wane gefe ya kamata mu kayar da su don kada su danne rijiya?"

Bappayo yana ɗauke da garwa biyu cike da ruwa. Ya sauke su a hankali, ya jingine sandar a jikin bukka. Ya nuna yamma da hannu. Sannan ya shiga ya naɗe tabarmarsa da butarsa, ya fita ta ƙyauren, sarar farko tana tashi a bayansa. A ƙasa ya tafi Yana.

Hadijatu da mijinta suka karɓe shi hannu biyu, aka share masa ɗakin zaure. Ya yi 'yan shekaru a nan yana tufka igiyar rama, surukinsa na kai masa kasuwa. Ba ya ƙorafi, ba ya kuma ba da labari. In baƙo ya zo daga Azare ya fara cewa, "Ka ji abin da aka yi a wurin nan naka kuwa?" sai ya tashi ya ce zai kewaya. Jikokinsa sun san shi a matsayin tsoho mai shiru mai kanta a kafaɗa. Da damina ta tsaya wata shekara, zazzaɓi ya kama shi, ya rasu ranar wata Laraba bayan azahar.

Mutum kaɗan ne suka zo gaisuwa daga Azare, su ma hanya ce ta biyo da su. Suka zauna a ƙofar gida aka yi addu'a, hira ta koma kan farashin gyaɗa. Hadijatu tana cikin gida kusa da zana, tana jin komai. Wani daga cikinsu ya ce wa na kusa da shi, "Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne. Sai dai da tsufa kwaɗayi ya ja shi ya sayar da lambun nan."

Ta aika aka kira mijinta. Ta ce masa, "Ka fita ka gaya musu ƙarya ne. Ka gaya musu ƙwace aka yi, kuma suna zaune aka yi."

Mijin ya ce to. Ya fita ya tarar ana shirin shafa fatihar tashi, ya ga ba wurin tada magana ba ne a gidan makoki. Ya yi musu godiya, ya raka su har bakin hanya.